Zauren Baba Malam: Sallah a ƙasar mutane

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku ne suka zo mini wannan watan a kan ciwo ɗaya, sai na haɗa su wuri guda. Na gajarta su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba a wannan zaure.

Wasiƙa ta farko

Baba Malam, ni haifaffen Idi-Araba ne, shekarata 31. Na koyar da lissafi shekara shida a Legas kafin na samu aiki a wata sakandare a wani ƙaramin gari da ke arewacin Ingila, tafiyar awa guda a jirgin ƙasa daga Manchester. Watana 14 a nan. Babbar Sallar da ta wuce ta faɗo ranar Juma'a, 6 ga Yunin 2025, ɗalibaina suna tsakiyar jarrabawar fita, ko izini ban nema ba. Na yi asuba, na sa kwat, na tafi aji. Da na dawo na tarar waya cike da hotuna: ga Mama a kan tabarma tana kasa nama, ga ƙannena da sababbin shaddodi, ga ragon da na aika kuɗinsa a rataye. Burodi da shayi na ci na kwanta. Hutun Disambar bara ma ya fi wannan ɗaci, mako biyu ban yi magana da kowa ba in ban da mai kanti. Yanzu ga wata Disambar ta taho. Tikiti ya yi tsadar da sai na ci bashi. Mama ta ce in zo, yayana ya ce in zauna in tara kuɗin aure. Wani lokaci sai in ji kamar in ajiye aikin in dawo gida gaba ɗaya. Ina mafita?

Ɗan Idi-Araba

Amsa

Ɗana, wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarka sau biyu, a na biyun sai da na cire tabarau na ɗan zauna shiru, domin ɗakin da ka kwatanta na taɓa kwana a cikinsa. Nawa zafi ne da shi, naka sanyi, iyakar bambancin ke nan. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Tun da Ingila ta buɗe wa malaman lissafi da kimiyya na Najeriya ƙofar samun shaidar koyarwa a watan Fabrairun 2023, irin takardarka ta fara yawa a teburina.

Bari mu fara da maganar kuɗi, ita ce mai sauƙi. Kada ka ci bashi saboda hutun mako biyu. Disamba ce lokacin da duk wani ɗan Najeriya da ke Turai yake rububin Legas, tikiti yana hawa sama, kuma kai ma ka san tikiti ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Wanda ya sauka Idi-Araba daga Ingila, akwai tsaraba, akwai gaishe-gaishe, akwai wanda zai ja ka gefe ya ce kuɗin makarantar yara. Za ka koma cikin sanyin Janairu da bashi a wuya, kewar kuma tana nan inda ka bar ta.

Ɗauko kalandar makarantarku ka duba ƙarshen watan Mayu. Shekarar Musulunci kwana 354 ce, shi ya sa Sallah take jan baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2024 an yi layya ranar 16 ga Yuni, bana 2025 ranar 6 ga Yuni, baɗi 2026 kuwa bisa lissafi za ta faɗo wajen Laraba 27 ga Mayu, sai dai abin da ganin wata ya nuna. Makarantun Ingila kuma yawanci a makon ƙarshe na Mayu suke hutun rabin zango. In naku ya dace da haka, to ga tafiyarka nan Allah ya ajiye maka. Ka sayi tikitin tun yanzu da sauran nisa. Ka tashi Juma'a da dare, tafiyar awa shida da rabi ce daga Landan, Asabar da asuba kana Ikeja, ka yi mako guda cur, kai da kanka za ka riƙe wa yayanka ƙafar rago. Shekarar da ke biye Sallah za ta ƙara ja baya ta fita daga cikin hutun, don haka kada ka bari wannan ta wuce ka. Mama kuwa kada ka ce mata “ba zan samu zuwa ba” ka yi shiru. Ka ba ta rana. Uwa in an ba ta rana tana iya jira, da yatsu za ta riƙa ƙirgawa tana gaya wa maƙwabta.

Amma tikiti mako guda kawai zai rufe maka. Sauran makonni 51 fa? A nan ne zan daɗe.

A 1996 na tafi Gambiya a ƙarƙashin shirin nan na gwamnatin tarayya mai tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karibiyan, wanda ake kira TAC, da aka kafa a 1987 zamanin Janar Babangida. Shekara biyu ake yi. Aka kai ni Farafenni, gari ne a arewacin kogin Gambiya, dab da iyakar Senegal. Lokacin babu gadar nan da aka buɗe a 2019, sai ka jira jirgin fito kafin ka haye. Na bar Hajiya a Agege da yara uku, ƙaramar tana goye. Babu wayar hannu, wasiƙa kuma sai ta yi makonni a hanya.

Babbar Sallah a can Tobaski suke ce mata. Ƙasar Musulmi ce, an ba da hutu, gari ya cika da kukan raguna, ka ga ke nan ban da uzurin da kake da shi. Duk da haka da na dawo daga Idi sai na shige ɗaki na sa sakata. Ina jin yara suna zagaya gidaje neman barka da Sallah, wanda su suke kira salibo, muryar kowace yarinya sai ta zame mini ta 'yata. Matar maigidan da nake haya ta aiko da kwanon benacin, shinkafarsu ta dafa-duka, na ce a ajiye ba ni da lafiya. Aka sake aikowa da gasasshiyar hanta, na ce a ajiye. Bayan la'asar sai ga maigidan da kansa, dattijo ne Bawolof mai farin gemu, ya ƙwanƙwasa har sai da na buɗe. Bai tambaye ni jiki ba, ya san lafiyata lau. Da guntun Turancinsa da guntun Larabcina muka fahimci juna. Ya ce: “Malam, a cikin gidana mutum ya yi Tobaski shi kaɗai a bayan ƙofa? Gobe da wane ido zan kalli maƙwabta? Ka hana mu ladanmu.” Sannan ya kama hannuna ya faɗi abin da suke faɗa wa juna ranar Sallah, baal ma aq, wato ka yafe mini haƙƙinka. Dattijon da na ƙi cin abincinsa shi ne yake neman gafarata. Na fito na zauna a tabarmarsu, aka dafa shayinsu na ataya zagaye uku, ban koma ɗaki ba sai bayan isha.

Har ranar ina ɗauka baƙo abin tausayi ne kawai, a yi masa ko a bar shi. Ashe shi ma akwai abin da ke kansa: ya fito a gan shi, ya karɓi abin da aka miƙo, in ya samu hali shi ma ya miƙa. Da shekara ta zagayo na je kasuwar lumo ta ranar Lahadi na sayi ɗan madaidaicin rago. Gambiya ƙasar gyaɗa ce, sai na roƙi matan gidan suka matse mini ƙuli-ƙuli, na haɗa da yajin da Hajiya ta aiko ta hannun wani ɗan kasuwa, na yi musu tsire irin na gida. Ɗalibaina tara suka zo. Kewar yarana ba ta tafi ba, kada in yi maka ƙarya, da dare sai da na yi hawaye. Amma ranar ta yi kama da Sallah.

Yanzu ka dubi Idi-Araba ɗin da kake kewa. Wa ya kafa Sallar da kake gani a hotunan nan? Kakana fataucin goro ne ya kawo shi Agege daga ƙasar Kano, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912. Shi da ire-irensa sun sauka a kurmi, ba su jin Yarbanci, ruwan sama ba ya ɗaukewa, gero ya zama abin marmari. Wasu sun yi shekaru ba su ga iyayensu ba. Maƙwabtansu Yarbawa suna kiran Babbar Sallah Ileya, ma'ana lokacin tafiya gida ya yi, kowa ya ɗaure kaya ya nufi Ijebu ko Ilori ko Ibadan, su kuwa gida ya yi nisa. Da sun kulle kansu a ɗaki da babu Zango. Sai suka share fili suka tsayar da liman, suka naɗa sarki, suka yi karo-karo suka sayi rago, wanda ya iya tuwo ya tuƙa. Duk wannan hayaniyar ta Agege da Idi-Araba da Mil Sha Biyu da Alaba Rago ranar Sallah, baƙi masu kewar gida ne suka gina ta da hannunsu. Kai jikansu ne. Aikin da suka yi a nan shi ne ya same ka a can.

To ga Disamba. Na yi wata uku a Manchester wajen 'yata mai aikin jinya, na ga yadda rana take faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, mutum ya fita aiki cikin duhu ya dawo cikin duhu. Wannan kaɗai yana karya zuciya, har hukumar lafiyarsu tana ba da shawarar shan sinadarin bitamin D lokacin sanyi, balle mu masu baƙar fata. Ka fita ka taka da ƙafa da rana tsaka ko da minti 30 ne. Ranar 25 ga wata jiragen ƙasa ba sa tafiya, kantuna a rufe, don haka ka yi cefane tun da wuri, in kuma za ka je wani wuri ka tafi kafin ranar. Juma'ar farko ta hutu ka shiga Manchester ka yi sallah, kuma in an yi sallama kada ka ɗauki takalmi ka wuce. Tsaya ka gaisa. Akwai ɗalibai da ma'aikatan jinya 'yan Najeriya da Sudan da Somaliya da su ma ba su da inda za su. Ka gayyaci mutum uku ɗakinka, ka dafa shinkafa da miya, ba sai ka ƙware ba. In abokin aikinka Bature ya kira ka cin abinci, ka gaya masa abin da kake ci da wanda ba ka ci, ka je. Kai ɗan Legas ne, ka taso kana ganin maƙwabta Kirista suna aiko mana shinkafar Kirsimeti muna aika musu naman layya, addinin kowa bai ragu ba.

Ƙaramar Sallah kuma za ta zo wajen 20 ga Maris na 2026, ana tsakiyar karatu. Wancan karon ba hana ka aka yi ba, kai ne ba ka nema ba. Makarantu da yawa a can suna da tsarin ba ma'aikaci rana domin ibada in ya nema da wuri. Ka rubuta wa shugaban makaranta tun Janairu, ka bayyana masa cewa ranar tana bin ganin wata ne, ka ba shi ranaku biyu da ake sa rai, ka shirya aikin da wani zai riƙe maka aji. Ka bi mutanen garin da kake wajen ɗaukar azumi da ajiye shi, ko da sanarwar Sarkin Musulmi ta bambanta da tasu. Ka sa kaftaninka da hula, ka je Idi, a Manchester har a filin shaƙatawa na Platt Fields ake taruwa. Washegari ka kai dabino da cincin ɗakin malamai. Za a tambaye ka na mene ne, daga nan hira ta samu.

Waya kuma ka yi mata linzami ranar Sallah. Ka kira Mama ka ji muryarta, ka nemi albarka, ku yi dariya, sannan ka ajiye. Zaman juya hotuna har tsakar dare shi ne sakatar da na sa wa ƙofata a Farafenni.

Batun ajiye aiki, kada ka yanke shi a Disamba cikin duhu da kaɗaici. A yawancin makarantun gwamnati na can, malamin da zai bar aiki a ƙarshen shekarar karatu yana da har zuwa 31 ga Mayu ya ba da sanarwa. Ka ga lokacin kana gida. Ka zauna da Mama da yayanka, ciki a ƙoshe, ku duba abin da ka tara da abin da ka rasa. In ka zaɓi dawowa, ba gazawa ba ce, yaran Legas ma suna bukatar malamin lissafi. In kuma kafin nan ka ga barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita ranka, makonni suna wucewa ba sauƙi, je ka ga likitan da ka yi rajista da shi, ka faɗa masa kamar yadda ka faɗa mini.

Wasiƙa ta biyu

Baba, mijina yana koyarwa a jami'a a Mbale ta ƙasar Yuganda, shekara guda ke nan, saura guda. Yaranmu uku, muna Agege. Da Babbar Sallah ya aika wa yayansa kuɗin rago, aka yanka a babban gida, aka aiko mana da cinya a leda bayan magariba. Ba naman ne ya dame ni ba. Babban ɗana mai shekara takwas ya yi wanka ya sa kaya tun ƙarfe bakwai ya tsaya bakin ƙofa yana kallon yara suna wucewa Idi da iyayensu, ba wanda ya tuna ya zo ya ɗauke shi. Da uban ya kira, ko minti biyar bai yi ba ya ce sai an jima. Ban gaya masa komai ba don kada in tayar masa da hankali a ƙasar mutane. Amma abin yana cina.

Maman yara, Agege

Amsa

'Yata, sannu da haƙuri. Yaron nan da ke tsaye bakin ƙofa da sabuwar hula ya tsaya mini a rai.

Ki gaya wa mijinki. Shirun da kike yi don ki kare shi, in ya daɗe, shi zai zama katanga a tsakaninku, ya dawo ya tarar da mace mai ladabi wadda zuciyarta ta yi nisa, bai san dalili ba. Ki zaɓi daren da yake da sukuni, ki fara da labarin yaron, kada ki fara da yayansa. Ina kyautata zaton ba mugunta aka yi miki ba. Ranar Sallah a babban gida kowa yana ɗauka wani ya je ya ɗauko yaran wane, har a sauko Idi ba wanda ya je. Abin da ba a ɗora wa mutum ɗaya da sunansa ba, ba mai yin sa.

Don haka shi maigidan ne zai ɗora. Wakilta wani ya yanka wa mutum layya ya halatta, kuma mai layya yana da ikon faɗin inda za a yanka da yadda za a raba. Yana iya ce wa yayansa cikin girmamawa: “Yaya, ina so bana a yanka a ƙofar gidana yara su gani, sannan a kai wa su Inna kasonsu.” Ya kuma kira sunan ƙaninsa ko kawun yaran guda ɗaya, ya ce kai ne za ka zo ƙarfe bakwai ka tafi da su Idi. Kuɗin rago ya aiko da wuri, domin ragunan da muke saya a Oko-Oba da Kara daga kasuwannin arewa irin su Maigatari da Illela ake loda su, kuɗin mota da na hanya duk a kanmu suke sauka, kuma kwanakin ƙarshe farashi ba ya jin magana. Haka zakkar fid-da-kai ta Ƙaramar Sallah, mudun Annabi huɗu ga kowane kai, da ke da yaran duk a wuyansa take. Ya turo, ke ki auna da hannunki, ki sa babban ɗan ya kai wa mabukata kafin a tafi Idi. Yaro in an ba shi aikin uba yakan ji ya girma, kewar ta ɗan sassauta.

Agogon Yuganda yana gaba da namu da awa biyu. Lokacin da ya sauko Idi a Mbale wajen ƙarfe tara, a Agege bakwai ta yi, kina ɗaura wa yara kaya. Nan ne lokacin kiransa. Ya ga kwalliyarsu, ya yi kabbara tare da su, ya ce wa kowa ga barka da Sallarka a hannun Mama.

Gajarta kiran da ya yi kuwa, zan ɗan ba shi uzuri, don na san ciwon. Hajiya ta taɓa ce mini wasiƙun da nake aiko mata daga Gambiya kamar takardar ofis suke, gaisuwa da lissafin kuɗi, shi ke nan. Ita kuwa kaset take cikawa da surutun yara ta ba matafiya su kawo mini, na saurare shi har zaren ya tsinke na ɗaura. Abin da ba ta sani ba shi ne in na fara rubuta abin da ke raina ba na iya ƙarasawa. Namiji da yawa yakan katse waya ne lokacin da ya ji muryarsa za ta rawa. Ki sa yaran su riƙa yi masa saƙon murya, karatun allonsu, faɗansu, labarin akuyar maƙwabta, ya saurara lokacin da ba mai ganin fuskarsa.

Uzurin nan fa yana da iyaka, kuma da ku nake, mazan da ke karanta wannan shafi a ƙasashen waje. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace take iya haƙurin rashin mijinta, sannan ya ƙayyade wa mayaƙa lokacin komawa gida. Mayaƙa ke nan, a bakin daga. Turo kuɗi bai sauke haƙƙin iyali duka ba. Wanda zai yi shekara biyu a waje ya ware kuɗin zuwa gida ko sau ɗaya ne a tsakani, tun daga albashin farko, kafin a fara maganar fili da bulo.

Wasiƙa ta uku

Baba Malam, ni mutumin Damagaram ne, mushe ne, wato malamin makaranta a faɗarmu ta Nijar, ina koyar da Faransanci a wata lakwal (makaranta) mai zaman kanta a Surulere. Wannan ce shekarata ta farko a Najeriya. Za a ba mu hutun Disamba, abokan aikina duk za su tafi garuruwansu. Ni hanya ta yi nisa, kuma naira in na canza ta zuwa sefa ba ta da auki. Layyar bana a ɗaki na yi ta, ina tuna yadda a gida muke kafa raguna a jikin itace kewaye da wuta tun rana har dare, washegari a raba. Ban san kowa ba a nan. Ko na yi Hausa a kasuwa sai a yi murmushi a ce ɗan Nijar ne.

Mushe, Surulere

Amsa

Malam, barka da zuwa, ko da yake gaisuwar ta makara, kuma laifinmu ne mu da ka tarar. Muna ta jimamin 'ya'yanmu da ke Ingila da Yuganda, ga ɗan wani a Surulere yana irin wannan zaman, tafiyar danfo biyu daga ƙofar gidana.

Lissafinka daidai ne. Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ce, sannan ka kama hanyar Daura ka haye iyaka a Kongolam, ka bi ta Matamaye kafin ka ga Damagaram. Zuwa da dawowa sun cinye maka kwana huɗu ko biyar, ga cunkoson Disamba. Ka adana kuɗin sai dogon hutu na ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ka je ka ga damina, ka zauna da iyaye a natse.

Murmushin da ake yi maka a kasuwa ba raini ba ne. Mu da muka tsufa a Legas Hausarmu ta sha ruwan Yarbanci da Turanci, in muka ji taku sai mu tuna bakin kakanninmu. Kuma mutanenku suna da yawa a garin nan fiye da yadda kake zato. Ka je Alaba Rago ko Zangon Agege ranar Juma'a, ka zauna teburin mai shayi bayan an sauko, ka ce kai daga Damagaram kake. Da wuya ka ƙare kofi ɗaya ba a nuna maka ɗan Mirriya ko Magarya ko Tanut ba. Da yawansu suna da yara da takardun makaranta ko na asibiti da aka rubuta da Faransanci, ba mai karanta musu. Kana da abin bayarwa tun ranar farko.

Na bar saƙo a ofishin mujalla, in ka tuntuɓe su za su haɗa mu. Juma'ar farko ta hutunku ka zo mu yi sallah tare a Agege, mu wuce gida. Hajiya ta ce in tambaye ka, miyar kuka kake so ko busasshiyar kuɓewa, gero dai akwai. A bayan gidan kuma akwai ɗan fili inda muke shanya. In Allah ya kai mu layya ta baɗi, zan sayi itacen, kai ka nuna wa jikokina yadda ake kafa rago a bakin wuta irin na Damagaram.